Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Da Ya Koya Wa Talaka Tsayuwa Da Ƙafarsa

Muna yi wa juna barka da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu ta gama-kai. Allah Ya maimaita mana.

A wannan fitowa mun zaɓi mu kawo tarihin Malam Aminu Kano. Da yawa cikinmu muna ƙanana ya rasu, wasu ma ba a haife su ba. Mun san sunansa a jikin babban asibitin Kano da filin jirgin sama, amma in aka tambaye mu me ya yi, sai mu ce ya taimaki talakawa, mu yi shiru. To, taimakon nasa yana da fasali. Duk inda ya je, abin da yake nema shi ne mutane su sami abin kansu, ko ƙungiya, ko makaranta, ko kotu, wanda mai iko ba zai iya rufewa ba don ransa ya ɓaci. Mu da muke riƙe da ƙungiya, wannan magana tamu ce.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne daga Gyanawa, zuriyar da aka sani da ilimi da alƙalanci, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, ita ma mai karatu ce. A gida ya fara karatun allo, sannan aka sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano, ya ƙarasa a Kwalejin Kaduna, inda ya sami takardar malanta a 1942. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo, har da wanda ya yi a kan cutar da ake yi wa mutane a kasuwar Kano. Kun ga ke nan tun yana saurayi idonsa yana kan mudu da ciniki da wanda ake ƙwara.

Yadda ƙasarmu take a wancan lokaci

Kafin mu ci gaba, ya kamata yaranmu su san yadda aka yi zama a da. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Turawa suna sama, Razdan da Di'o, su kuma suna mulki ta hannun sarki, sarki ta hannun hakimi, hakimi ta hannun dagaci da mai unguwa. En'e ita ke karɓar haraji daga kowane baligi namiji, ita ke karɓar jangalin shanu. Ita ke ɗaukar alƙali ta biya shi albashi. 'Yan doka nata ne, gidan yari nata ne, makarantar elemantare tata ce, ɗakin shan magani nata ne, kasuwa ma ita ke kula da ita.

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa gane illar wannan. A ce mai kaya shi ne mai mudu, shi ne mai awo, shi ne kuma wanda za a kai wa ƙara in an tauye awo. Ina mai saye zai dosa? Haka talaka yake a lokacin. In ma'aikacin En'e ya zalunce shi, ɗan dokan da zai kama shi na En'e ne, alƙalin da zai yi shari'ar na En'e ne, ɗakin da za a kulle shi na En'e ne. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda mace kan sayar da akuyarta ko kwanukan ɗakinta don a biya wa maigida haraji, kada a wulaƙanta shi a bainar jama'a. Ba zagin sarauta muke yi ba, don an yi sarakuna da hakimai masu tsoron Allah. Tsarin ne ya tara kome a hannu ɗaya, kuma hannu ɗaya in ya ɓaci babu mai gyara shi.

Bauchi da ƙungiyar malamai

Aikinsa na farko a Bauchi ne, maƙwabtanmu na nan kusa da Gwaram, inda ya koyar a makarantar Midil. A can ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Da yardar Turawa aka buɗe wani zauren tattaunawa inda ma'aikata da malamai kan taru su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Da tambayoyi suka fara zafi, ana taɓo yadda ake mulkin En'e, sai hukuma ta tsayar da zauren. Su Malam Aminu da Malam Sa'adu suka ci gaba da ƙungiya tasu ta kansu ta neman ci gaban Bauchi. Darasin da ke nan a fili yake: rumfar aro, ranar da mai ita ya ga dama zai ce a tashi.

A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilimi a Jami'ar Landan. Can ya ga yadda ma'aikata ke da ƙungiyoyinsu, suna tara kuɗinsu, suna zaɓen shugabanninsu, suna zama da gwamnati su yi ciniki a kan albashi ba tare da an kore su ba. Da ya dawo, a 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, shi ne babban sakatarenta. Kafin nan, malamin makaranta in yana da kuka sai dai ya rubuta wa wanda ya ɗauke shi aiki, ya zauna jiran tsammani. Da ƙungiya ta samu, kukan malami ɗaya ya zama kukan malamai duka. Wannan ƙungiya ta daɗe bayan shi ya bar ta, har malaman Arewa suka haɗe da ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, a 1972.

Daga Bauchi aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati da hannunsa. A zamanin da mai albashi ɗaya kan riƙe dangi guda, mutum ya bar aiki ba a kore shi ba abin mamaki ne. Amma ya ga ba zai yiwu yana cin albashin hukuma yana kuma faɗa mata gaskiya son ransa ba.

NEPU da wahalar da aka sha

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu ya shigo bayan ya bar aiki, ya zama shugabanta a 1953. Alamarta tauraro, kirarinta sawaba. 'Yan cikinta yawanci masu ƙananan sana'o'i ne: teloli, mahauta, marina, 'yan koli, 'yan tireda, malaman allo da manoma. Abin da suke nema shi ne a raba alƙali da ikon mai mulki, a bar talaka ya zaɓi wakilinsa kai tsaye, a daina aikin tilas, a gyara haraji.

Zaɓen 1951 ya nuna musu inda gizo ke saƙa. Zaɓe ne mai hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a hawa na sama En'e na da damar cusa nata mutanen. NEPU ta yi ƙarfi a matakin farko a Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya nata bai shiga majalisa ba. Wato mai shirya zaɓe shi ne kuma abokin takara.

'Yan NEPU sun sha wuya ƙwarai. An ɗaure su, an yi musu bulala, an ci su tara a kan yin taro ba izini ko a kan wai sun zagi mai sarauta. Mata ma ba a bar su ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci ɓangaren mata, an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta. Ta je har Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta mata, da yawansu 'yan kasuwa irinmu, ta yi zanga-zanga a kan harajin mata har Sarkin Abeokuta ya sauka daga sarauta a 1949. Waɗannan mata ba su da bindiga, ba su da muƙami. Ƙungiya kawai gare su, da haɗin kai.

Malam Aminu ya faɗi zaɓen 1954, Maitama Sule ya kayar da shi. A 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Legas. A lokacin matan kudu sun jefa ƙuri'a, amma mu matan Arewa an hana mu. NEPU ta tsaya a kan a ba mu, manyan Arewa suka ƙi. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka fara barin matan Arewa su yi zaɓe, sannan a babban zaɓen 1979. Wannan layi da muke bi ranar zaɓe, kati a hannu, goyo a baya, wasu sun kwana a kurkuku kafin a same shi.

Makaranta da ilimin mata

Duk da siyasa, bai taɓa barin malanta ba, shi ya sa har ya rasu Malam ake ce masa. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano, inda yara ke koyon Alƙur'ani da ma'anarsa, da Larabci, da rubutu da lissafi, a zaune cikin aji. Makarantar jama'a ce, ba En'e ta gina ta ba. Magoya bayansa suka riƙa buɗe irinta a wasu garuruwa, masu adawa kuma suka riƙa takura musu. Yau ga shi babu unguwar da za ka shiga a Birnin Kudu ko Gwaram ba ka ji muryar 'yan Islamiyya ba, har da ta matan aure.

A gidansa kuma ya ware wa mata wurin koyon karatu da rubutu da ɗinki da sana'ar hannu. Da azumi yakan yi tafsiri, yana nuna wa jama'a cewa addini ya ba mace haƙƙin ilimi da gado da mallakar dukiyarta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, don Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta shirya 'Yan Taru masu kai ilimi ƙauyuka wajen mata. Shi dai ya tuna wa mutane abin da suka manta ne.

Cikin gwamnati

Bayan soja sun karɓi mulki a 1966, an ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayu na 1967, muka zama 'yan Jihar Kano. Janar Yakubu Gowon ya ɗauki Malam Aminu a matsayin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967, sannan Kwamishinan Lafiya daga 1971 zuwa 1974. A cikin waɗannan shekaru ne abubuwan da NEPU ta sha ɗauri a kansu suka fara tabbata. An cire kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. An haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya. Gidajen yari suka koma hannun tarayya. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Ba shi kaɗai ya yi wannan ba, amma shi da mutanensa ne suka yi shekara da shekaru suna kuka a kai lokacin da faɗar hakan laifi ne.

Ya riƙe ma'aikatar lafiya ta ƙasa baki ɗaya a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja yadda ya bar shi. Bai gina asibitin kuɗi ba, bai tara gidaje ba. A wajensa asibitin gwamnati na jama'a ne, mai riƙe da shi ɗan tsaro ne kawai. Asibitin Koyarwa na Kano da aka kafa a 1988 sunansa aka sa masa. Mu da muke kai marasa lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in ciwo ya gagara a tura mu can Kano, mun san darajar asibitin da likita zai duba ki ba tare da ya tambayi jam'iyyar mijinki ba.

Zaɓen 1979 da abin da ya biyo baya

A 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta ce ba zai tsaya ba, wai takardunsa na haraji ba su cika ba. Ya tafi kotu, kotu ta ba shi gaskiya, aka sa sunansa. Ku dubi ikon Allah: mutumin da aka yi ta ɗaure mabiyansa a kotunan da mai mulki ke juyawa, shi ne kotu mai 'yancin kanta ta ƙwato wa haƙƙinsa. Ya zo na huɗu da ƙuri'u kusan miliyan 1.7, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Amma PRP ta ci jihohi biyu, Kano ta Muhammadu Abubakar Rimi da Kaduna ta Balarabe Musa. Daga nan yankinmu, Alhaji Sule Lamiɗo na Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin PRP.

Gwamnatin Rimi tamu ce a lokacin, don Jigawa ba ta samu ba sai ranar 27 ga Agusta 1991. Tana hawa a 1979 ta soke haraji da jangali. A 1980 ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A 1980 ɗin kuma aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. An yi ta ne hukuma mai zaman kanta da dokarta da ma'aikatanta, shi ya sa gwamnatin da ta kafa ta ta wuce ita tana nan, Jigawa ma ta yi tata. Ajin yaƙi da jahilci da wasunmu muke zuwa bayan mun tashi daga kasuwa, wanda ya sa yau muke iya rubuta bashi a littafi da karanta rasit, jikan wannan aiki ne.

Sai dai tarihi ba ya cika sai an faɗi ɗacinsa. PRP ta rabu biyu, 'yan santsi a bayan gwamnoni, 'yan taɓo a bayan Malam. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma ba sa ga-maciji. An tsige Balarabe Musa a 1981, Rimi kuma ya bar jam'iyyar ya koma NPP. Jam'iyyar ta dogara ƙwarai da girman mutum ɗaya, da saɓani ya zo kuwa babu wani zaure a cikinta da kowane ɓangare ya yarda da hukuncinsa. Wanda ya koya wa ƙasa amfanin alƙali mai zaman kansa, gidansa na siyasa ya rasa mai raba gardama.

Malam ya sake shirin takara a 1983, ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa. Bai kai ga zaɓen ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983 yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan yanzu ana kiransa Gidan Mambayya, da laƙabin mahaifiyarsa, kuma Jami'ar Bayero ke riƙe da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Duk wadda ta shiga Kano sarin kaya, in ta sami sarari ta leƙa da yaranta su ga ɗakin da ya zauna.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, ƙungiyarmu ƙarama ce, amma irin abin da Malam ya yi ta ginawa ce. Da kuɗin gyaɗarmu da daddawarmu da riɗinmu muka tara jarinta, daga abin da muke samu a kasuwannin Sara da Babaldu da na cikin gari. Don haka muna roƙon a duba abubuwa huɗu.

Na farko, kada mu mayar da ƙungiya En'e. Shugaba daban, ma'aji daban, sakatariya daban, mai binciken kuɗi daban, kuma mai binciken kada ta zama 'yar ɗakin ma'aji. Kuɗi su kwana a banki, kada a cire sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai riƙon amana kanta, don bakin mutane ba shi da linzami.

Na biyu, zaɓen shugabanni ya zo a kan lokacinsa, ko da muna ƙaunar waɗanda ke kai. A kuma sami dattawa da kowa ya amince da su tun kafin rigima ta taso, waɗanda in an saɓa a kan rance ko rabon riba hukuncinsu zai zauna. Abin da ya raba santsi da taɓo yana iya raba mu.

Na uku, kakar zaɓe tana zuwa, masu atamfa da taliya da sabulu za su zo su ce ƙungiya ta zama tasu. Kowace mace tana da 'yancin ta zaɓi wanda take so, an sha wuya kafin a samo mata shi. Amma ƙungiya ba ta da jam'iyya. In muka rataya ta a wuyan ɗan takara, ranar da ya faɗi tare za mu faɗi, ranar da ya ci kuma shi zai riƙa faɗa mana wadda za mu ba rance. Mai son taimaka mana ya taimaka a fili, a rubuta a littafi, a karanta wa kowa.

Na huɗu, karatu. Wadda ba ta iya karanta littafin ajiyarta ba, dole ta yarda da duk abin da aka faɗa mata. Muna roƙon mazajenmu su bar matansu su shiga aji, mu kuma mu bar 'ya'yanmu mata su gama makaranta kafin talla ta cinye musu lokaci. Makarantar koyon aikin jinya tana nan Birnin Kudu a ƙofar gidanmu, muna kuma kukan rashin mata masu karɓar haihuwa a ƙauyukanmu. Daga ɗakunanmu za su fito.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Hajiya Gambo Sawaba da duk waɗanda suka sha wuya don talaka ya sami bakin magana. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kai mu baɗi lafiya. Amin.